Irin fetuniya mai yaɗo: abin da na gani a tsakar gidana a Arkilla

Duk wadda ta tambaye ni ko irin fetuniya mai yaɗo ya ci kuɗinsa a Sakkwato, amsata ita ce e, ya ci, amma sai an cika sharaɗi biyu: a sayi na gaske, kuma a shuka shi a kan lokaci. Idan aka rasa ɗaya daga ciki, to an yi asarar kuɗi da ruwa. Fulawa ce ta hunturu a wajenmu. Daga ƙarshen Disamba zuwa Maris za ta rufe miki ƙasa ruf da furanni, ta hana ƙura tashi, ta sa duk wanda ya shigo gidan ya tsaya kallo. Da zafin Afrilu ya kankama kuwa, ta gama aikinta. Wanda ke neman abin da zai rufe masa fili shekara zagaye, ya nemi wani abu daban, zan faɗi wanda nake ganin ya dace a can gaba.

Abin da ya kai ni ga sayenta shi ne wani fili da ke tsakanin ƙofar falo da katanga, rairayi zalla, wanda iska ke kwasowa tana zuba mana a ɗaki. Maigida ya so a zuba siminti. Ni kuwa na san yadda siminti ke riƙe zafi a garin nan, har bayan isha'i ba ka iya taka shi ba takalmi, don haka na nemi a bar mini wurin in gwada shuka.

Iri biyu na saya, daga wuri biyu. Na farko daga wani shagon kayan noma a cikin gari, fakiti mai hatimi, da sunan nau'in, da ranar da aka ɗura shi. A cikin fakitin akwai wata 'yar ƙaramar roba mai murfi, a cikinta ƙwayoyi ƙalilan, ba su wuce a ƙirga su a tafin hannu ba. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, wannan ɗan abin ne da wannan kuɗi?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ƙwaya ɗaya tana rufe wurin da tabarmar yaro za ta rufe. Ki je ki gwada." Gaskiya ya faɗa. Na biyu kuwa ta intanet na yi oda, wajen wani mai talla da hotuna masu ɗaukar ido, wanda ya yi alkawarin ƙwaya ɗaruruwa da kuɗin da bai kai rabin na farko ba. Leda ce ta zo, ba suna, ba kwanan wata. Ya tsiro, ban ce bai tsiro ba, amma fetuniya ce ta gama-gari, mai miƙewa tsaye ta yi dogayen ƙafafu, furenta ƙanana masu kala a koɗe. Ko taku ɗaya ba ta yaɗu ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin ba kuɗin ne abin ji ba, lokacin ne. A garin da damar shukar ba ta wuce 'yan makonni ba, wanda ya sayar maka da irin bogi ya cinye maka shekara guda.

Dalilin tsadar na gasken yana da tushe. Fetuniya asalinta daga Kudancin Amurka take, wajajen Ajantina da Brazil da Yurugwai, kuma dangi ɗaya suke da taba da tumatir da gauta da tattasai. Wadda ake shukawa a lambuna an samo ta ne daga auren wasu nau'o'i biyu na daji, ɗaya fara mai ƙamshi da dare, ɗaya shunayya mai ja-ja. Ita mai yaɗon da ake shukawa daga ƙwaya sabuwa ce a kansu: kamfanin Kirin na Japan ne ya samar da wadda ake kira Purple Wave, ta ci lambar yabo ta All-America Selections a 1995, kamfanin PanAmerican Seed kuma ya yaɗa ta a kasuwannin duniya. Daga nan aka samu ƙannenta irin su Easy Wave da Tidal Wave. Duk irin aure ne, wanda ake rubuta wa F1 a jikin fakiti, kuma sai an haɗa uwa da uba da gangan kowace shekara kafin a samu ƙwayar. Shi ya sa ba za ka taɓa samun na gaske ɗaruruwa a leda da arha ba.

Ƙwayar fetuniya ƙanƙanuwa ce sosai, giram ɗaya yana ɗauke da kusan 10,000. Don a iya riƙe ta da hannu ne ake naɗe ta da wani abu mai kama da yumɓu, ta zama 'yar dunƙule mai launin ɗorawa da ido ke iya gani. Wannan naɗin shi ne abin da na fi yaba wa fakitin farko, kuma shi ne inda mai shuka a ƙasarmu zai fi yin hattara. Dole naɗin ya jiƙe ya narke kafin tsiron ya fito. Idan ya fara jiƙa sannan iskar hunturu ta busar da shi, sai ya ƙanƙame ya yi tauri, ƙwayar ta mutu a ciki. Ka zo kana zargin iri, alhali bushewa ce.

Ga yadda na yi renon. Na samu robobi marasa zurfi na huda gindinsu. Na tankaɗe rairayi mai laushi da rariya, na haɗa da taki wanda ya riga ya ruɓe ya zama ƙasa, da ɗan buntun shinkafa da aka babbaka. Na kwarara wa haɗin tafasasshen ruwa na bar shi ya huce, saboda cutar nan da ke kama jaririn tsiro a wuya ya faɗi dare ɗaya. Sai na ɗora ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a sama, da tazarar yatsa biyu, na ɗan danna da bayan cokali. Ba a rufe su da ƙasa, ko kaɗan, domin sai da haske suke tsirowa. Ƙanin mahaifin maigida, wanda ya tsufa a noman albasa a fadamar Kwalkwalawa, ya zo ya tarar da ni ina wannan aiki. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗiyata, wanga iri ba a binne shi?" Na ce, "Baba, haka aka ce, haske yake so." Ya gyaɗa kai ya ce to in tabbata na rufe bakin robar da farar leda, in kuma riƙa ba shi ruwa ta ƙasa, wato in tsoma gindin robar a faranti mai ruwa har danshi ya hau da kansa. Ruwan buta daga sama zai tafi da ƙwayar ko ya nutsar da ita. Shawararsa ta yi daidai da abin da masu renon fulawa ke yi a ko'ina, kuma ita ta cece ni.

Yanzu ga babbar magana, wato lokaci. Bayanin da ke jikin irin waɗannan fakitoci an rubuta shi ne don ƙasashen sanyi, inda ake reno a ɗaki ana jiran ƙanƙara ta wuce. Mu a nan lissafin a juye yake: zafi muke gudu. Ƙwayar ta fi son tsirowa a ma'aunin zafi 22 zuwa 24, tana fitowa cikin kwana 7 zuwa 10, kuma daga shuka zuwa fure ana ɗaukar mako 10 zuwa 12. To duba yanayinmu. Watan Oktoba a Sakkwato da rana zafi ne sosai, damina ta ɗauke, sanyi bai iso ba. Sanyin gaske sai Disamba da Janairu. Daga Maris kuma ma'auni ya kama hanyar 40, a Afrilu ya wuce. Idan ka jira sanyi ya sauka kafin ka shuka, furen zai buɗe ne daidai lokacin da rana za ta ƙone shi. Idan ka yi gaggawa a Satumba, zafi da danshi su ruɓar da tsiron. Abin da ya yi mini shi ne shuka daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a cikin ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, kusa da taga mai haske amma inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Ni a gefen randa na jera robobin, ƙasan wurin kullum da sanyi-sanyi. Ko da wasa kada a bar robar da ke rufe da leda a rana, cikin sa'a guda za ta dafe.

Akwai wani abu kuma da masu shaguna ba sa faɗa, wataƙila don ba a faɗa musu ba. Fetuniya mai yaɗo tana saurin fure ne idan yini ya yi tsawo. Mu muna kan layi na 13 arewa da tsakiyar duniya, yininmu a Disamba bai kai sa'a goma sha ɗaya da rabi ba. Nau'in farko na Wave yana jinkirin fure a gajeren yini, zai yi ta yaɗo da ganye kana jira. Easy Wave an samar da ita ne don ta rage damuwa da wannan. Saboda haka idan aka ba ka zaɓi, ita za ka ɗauka. Mako biyu ko uku na ƙarin fure ba ƙaramin abu ba ne ga wanda duka-duka wata uku yake da su.

Da tsiron ya fito na cire ledar, na matsar da su inda hasken safe ke samunsu. Makonnin farko suna gwada haƙurin mutum, don tsiron ɗan mitsitsi ne, sai ka rantse ba ya motsi. Da ya yi ganye huɗu na gaske na raba su a kofunan roba, kowane da nasa. Bayan kamar mako biyar zuwa shida da shuka suka isa dashe. Na yi dashen da la'asar sakaliya, bayan na saba musu da waje na 'yan kwanaki, na ba su tazarar kamu biyu tsakani, wajen santimita 40 zuwa 45. Da farko wurin zai yi kamar an yi rowar shuka. A bar shi haka. Kowace ɗaya tana iya yaɗuwa santimita 60 zuwa mita guda, har fiye a nau'in farko na Wave, tsayinta kuwa bai cika wuce kamu ɗaya ba.

Kafin dashen sai da na gyara ƙasar, don rairayin Arkilla ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki. Na zuba ruɓaɓɓen kashin awaki da na shanu da yawa, na kafce da fartanya zurfin kamu guda, na yi ta jiƙa wurin har ya kwanta. Kada a sa ɗanyen taki, yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Wurin da aka taɓa shuka tumatir aka ga saiwarsa ta yi ƙulu-ƙulu, a guje shi, tsutsar ƙasar da ta yi wa tumatir haka tana kama fetuniya. Haka mai shan taba ko mai murza ta, ya wanke hannu kafin ya taɓa shukar, domin akwai cutar ganyen taba da ke bi ta hannu ta kama danginta.

Zuwa tsakiyar Janairu rassan sun haɗu da juna, ƙasa ta ɓace. Ban san yadda zan kwatanta muku ba sai dai in ce kamar an shimfiɗa darduma mai launin shunayya daga bakin ƙofa har katanga. Furen yana da faɗin da ya kai santimita 5 zuwa 7, siffar bakin kakaki, kuma idan ɗaya ya yi yaushi ya faɗi wasu sun riga sun buɗe a kansa, ba sai ka bi kana tsinke matattu ba kamar yadda ake yi wa tsohon nau'i. Ƙurar da ke shigo mana falo ta ragu ƙwarai, ciyawa ma ba ta samu wurin fitowa ba. A nan kam ban da abin cewa sai yabo.

Sai dai tana da ci, kuma tana da sha. Wanda ba zai iya ba ta taki a kai a kai ba, kada ya fara. Ni nakan jiƙa babban cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a bokitin lita 10, in bar shi ya narke, in zuba a gindinsu sau ɗaya a mako bayan na riga na yi ban ruwa. Da ka yi sakaci za ka ga tsakiyar ta fara sanƙo, furanni sun koma bakin rassa kawai. Maganin wannan shi ne a rage tsawon rassan da almakashi, kamar kashi ɗaya cikin uku, a ba ta taki, cikin mako biyu ta sake cikowa. Ruwa kuwa kullum da safe, a gindi, ya jiƙa sosai. Wanda ke da rijiyar burtsatse a gida ba zai ji komai ba. Wanda ke saye wajen 'yan garuwa ya zauna ya yi lissafin jarka kafin ya sayi iri, don wannan kuɗin ya fi na fakitin nesa ba kusa ba. Mu mun sa baho a wurin alwala, duk ruwan da ya taru a kai wa fulawa, ya rage mana sosai. Ruwan wanki mai omo dai kada ya kusance ta.

Wata matsalar da na ga ta addabi maƙwabciyata, wadda na ba ragowar dashena, ita ce sabon ganye ya riƙa fitowa ɗorawa, jijiyoyinsa kawai ne kore. Ta ɗauka yunwa ce ta yi ta ƙara yuriya, abin bai canza ba. Ba yunwar yuriya ba ce, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Fetuniya tana son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin pH 5.5 zuwa 6.2 ko kusa da haka, kuma idan ruwa ko ƙasa sun cika kanwa-kanwa, saiwar ba ta iya jan ƙarfen ko da yana nan. Yankinmu kuwa yankin dutsen farar ƙasa ne, shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma wasu rijiyoyin ruwansu da zartsi. Ita kuma ta barbaɗa toka a wurin don korar ƙwari, toka kuwa ƙara abin take yi. Na ce mata, "Yaya, ki daina sa tokar nan, ki nemi takin feshi mai sinadarin ƙarfe a shagon kayan noma." Da ta fesa, sabon tohon ya dawo kore.

Ganyen fetuniya yana da gashi-gashi kuma yana da danƙo, in ka shafa za ka ji yana kama yatsa. A hunturu wannan danƙon yana tara ƙura. Ranar da hazo ya sauka sosai, irin wanda ba ka hango ƙarshen layi, da safe za ka tarar ganyen ya yi fari fat, furen ya dushe. Nakan sa yara su ɗauraye shi da butar ban ruwa mai ƙananan huji tun da sassafe, don ya bushe kafin rana ta ɗaga. Da yamma ban yarda a jiƙa ganyen ba, kwana da danshi yana jawo ruɓa. Darɓa da farin ƙuda sukan zo su maƙale a bayan ganye. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa aka tace ya ishe ni, ban kai ga sayen maganin feshi ba. Kaji da awaki kuwa sai shinge. Kaza ɗaya ta isa ta tone dashen mako guda kafin ka idar da salla, don haka na kewaye wurin da ragar waya tun ranar farko.

A kuma sani cewa ba ciyawar wasa ba ce. Rassanta masu ruwa ne, da an taka sun karye. Gidan da yara ke buga ƙwallo a tsakar gida, ko hanyar da ake bi zuwa madafa, ba wurinta ba ne. A bar mata gefen katanga, ko gaban baranda, ko kewayen bishiyar da inuwarta ba ta da duhu. Tana buƙatar rana ta aƙalla sa'a shida, amma a nan garin wurin da ke samun ranar safe ya tsira daga ta azahar zuwa la'asar shi ya fi daɗewa. Nawa da ke jikin katangar yamma, wadda ke yi musu inuwa da rana ta karkata, sun fi na tsakiyar fili jurewa da makonni.

Da Maris ya yi nisa furen ya fara ƙanƙancewa, ganye yana yaushi tun hantsi ko an ba shi ruwa. Na kafa rumfar zana na ƙara musu kwana, amma zuwa tsakiyar Afrilu na tuge su na zuba a ramin taki. Ban ba kowa shawarar ya yi ta ɗura mata ruwa a bazara yana fatan ta kai damina ba. Ko ta kai, ruwan sama mai ƙarfi yana farfasa furen, zafi da danshi kuma su ruɓar da gindin. A wurin nasu na dasa fotulaka, 'yar uwar halshen saniya, mai ganye mai kauri da fure kala-kala da ke buɗewa da hantsi. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna da ita, reshe kawai za ka karya ka soka a ƙasa ta kama, kuma zafin Sakkwato bai dame ta ba. A bayanta, jikin katanga, na sa binka, mai fure fari da ruwan hoda, wadda asalinta daga Madagaska take, ita ma gwanar jure zafi ce. Wanda ke son fili a rufe duk shekara da ƙaramin kuɗi, waɗannan biyun zai riƙe, fetuniya ta zama ta ƙawa a lokacinta.

Wasu za su ce to me zai hana a tara ƙwayarta a huta da saye? Tana yin 'ya'ya, amma da yake irin aure ce, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba, wani ya miƙe tsaye, wani launinsa ya canza. Sabon fakiti za a saya kowace shekara. A saye shi a wurin da ke ajiye iri a inuwa, ba wanda ya rataye shi a ƙofar shago rana na dukansa ba, a duba kwanan watan da ke jiki, a tabbata an rubuta F1 da sunan nau'in. Idan an samu tun da damina, a sa fakitin a kwalba mai murfi a ajiye a ƙasan firji, wajen kayan miya, har Oktoba ta raba.